Zaman Baƙunci a Bakin Aiki: Yadda 'Yan Wasan Talabijin Ke Aiki a Ƙasar da Ba Tasu Ba

 Yau za mu ɗan yi nisa da gida, domin mas'alar da muka ɗauko ta shafi mutanen da galibinmu muka san fuskokinsu a akwatin talabijin ko a wayar hannu, alhali kuwa ba mu cika tambayar irin zaman da suke yi a lokacin da ake ɗaukar hotunan nan da muke kallo ba: watau 'yan wasan kwaikwayo waɗanda aiki yakan raba su da ƙasarsu wata da watanni, ya kai su inda ba su jin harshen mutane, ba su saba da cimarsu ba, ba su kuma san dokarsu ba.

Wanda ya ga jarumi tsaye bisa ganuwar wani tsohon birni, teku na bayansa, iska na kaɗa rigarsa, yakan ɗauka yawon buɗe ido mutumin nan ya tafi, aka kuma biya shi lada a kai. Ni kuwa ban ga abin da wannan zama ya fi kama da shi ba irin ci-rani, inda mutum zai bar iyalinsa ya tafi inda aiki yake, ya sauka a masaukin da ba nasa ba, ya yi aiki bisa sharuɗɗan da wani ya gindaya, yana ƙirga kwanakin komawa gida. Lallai lada ya bambanta nesa ba kusa ba, amma abubuwan da ke sa a dawo lafiya da abin hannu iri ɗaya ne, kuma mafi yawansu tun kafin a hau jirgi ake gama su.

Domin kada maganarmu ta zama ta iska, bari mu ɗauki misali guda da duniya ta sani, watau shirin nan mai dogon zango da ake kira Game of Thrones, wanda tashar HBO ta Amurka ta nuna daga shekarar 2011 zuwa 2019, zango takwas, kashi 73. Kuɗin shirin daga Amurka ya fito, marubucin littattafan da aka gina shi a kansu, George R. R. Martin, Ba'amurke ne, haka ma mutum biyun da suka jagoranci aikin, David Benioff da D. B. Weiss, amma cibiyar ɗaukar shirin tana birnin Belfast na Ireland ta Arewa, a cikin wani ƙaton zaure na tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa wadda ta ƙera jirgin Titanic, inda a da ake shafa wa sassan jirage fenti. Daga nan ne ake rarraba mutane: a zango na farko aka je tsibirin Malta, daga na biyu aka koma birnin Dubrovnik na Kuroshiya da kuma ƙasar Iceland, a na uku aka sauka Maroko, a garin Essaouira na bakin teku da tsohon garin ƙasa na Ait Benhaddou, sa'an nan daga na biyar aka shiga Sifaniya, har cikin tsohuwar fadar Ishbiliya wadda aka fara gina ta tun zamanin Musulmin Andalus. Dalilin wannan yawo bai tsaya ga neman kyakkyawan wuri kaɗai ba. Hukumomin ƙasashe suna gasar jawo irin wannan aiki ta hanyar mayar wa kamfani wani kaso na abin da ya kashe a ƙasarsu. Kuroshiya ta fara yin haka a 2012, Birtaniya kuma ta kafa rangwamen haraji domin manyan shirye-shiryen talabijin a 2013. Ashe ke nan akawu ne ke zaɓen ƙasar da jarumi zai kwana, tun kafin darakta ya ce uffan.

Abin da ke fara tare ɗan wasa a hanya shi ne takarda. Bizar baƙunci daban, izinin aiki daban, kuma duk ƙasar da ta yarda ka shiga ka ga gari ba lallai ne ta yarda ka karɓi lada a cikinta ba. Ba'amurke kamar Peter Dinklage, in zai yi aiki a Belfast, sai kamfanin da ya ɗauke shi ya tsaya masa a gaban hukumar shige da fice ta Birtaniya, ya ba da shaidar cewa shi ya kira shi, ga aikin da zai yi, ga kuma wa'adinsa. Abokan aikinsa 'yan Turai kuwa, irin su Nikolaj Coster-Waldau ɗan Denmark da Carice van Houten 'yar Holan, a wancan lokaci ba su bukatar haka, saboda Birtaniya tana cikin Tarayyar Turai. Yau al'amarin ya sake, domin tun ƙarshen 2020 da Birtaniya ta kammala ficewarta, ɗan wasan Ingila da zai je Sifaniya aiki ya zama baƙo mai ƙirga kwana, wanda ba a yardar masa ziyarar da ta wuce kwana 90 a cikin kowane 180 ba, ban da abin da kowace ƙasa ta shar'anta game da aiki. Manyan kamfanoni suna da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan, kuma shi ya sa ba mu cika jin an tsare wani shahararren jarumi a filin jirgi ba. Wanda abin yakan rutsa da shi shi ne ƙaramin ɗan wasa da ya bi ƙaramin kamfani, aka ce masa ya shigo da bizar yawon buɗe ido, ai ba wanda zai tambaya.

Bayan takarda sai yarjejeniya, kuma a nan nake so mu daɗe kaɗan, domin nan ne asirin al'amarin yake. Malamanmu na fiƙihu, da suka zo babin ijara, sun shar'anta cewa kafin ƙulla ta a san aikin da za a yi, a san ujurar da za a biya, a kuma san wa'adi, saboda jahiltar ɗaya daga cikin waɗannan ita ce ƙofar husuma. Abin sha'awa, ƙungiyoyin 'yan wasa na Turai da Amurka, bayan shekaru masu yawa na gwagwarmaya da masu kamfanoni, a kan wannan ƙa'ida suka tsaya. A Birtaniya akwai ƙungiyar Equity da aka kafa tun 1930, a Amurka kuma akwai SAG-AFTRA, kuma yarjejeniyoyinsu ba su tsaya ga lada ba: sun faɗi wanda zai biya kuɗin jirgi zuwa da dawowa, da irin masaukin da za a ba ɗan wasa, da kuɗin guzurin da za a riƙa ba shi kullum domin abinci, da yawan sa'o'in hutun da dole a bar masa tsakanin tashi daga aikin yau da fara na gobe, da abin da za a ƙara masa in an wuce lokaci, da kuma haƙƙinsa in an sake nuna shirin bayan shekaru. Da Amurkawa suka ga kamfanoni na gudu da aiki ƙasashen waje domin su kuɓuce wa waɗannan sharuɗɗa, sai ƙungiyarsu ta kafa doka a 2002 cewa ɗanta ba zai yi aiki a ko'ina cikin duniya ba sai ƙarƙashin inuwar yarjejeniyar ƙungiya, ta yadda haƙƙinsa zai bi shi duk inda ya sa ƙafa.

Wace yarjejeniya ce ke kan mutum, wannan tambaya tana da nauyi fiye da yadda ake zato. A 2023, lokacin da 'yan wasan Amurka suka shiga yajin aiki na kwana 118, ayyuka da yawa suka tsaya cik, amma shirin House of the Dragon, wanda tsatson Game of Thrones ne kuma na tashar HBO ɗin nan, ya ci gaba da ɗauka a Ingila, saboda 'yan wasansa suna ƙarƙashin yarjejeniyar Equity, dokar Birtaniya kuwa ba ta ba ma'aikaci kariya in ya bar aiki domin taya wata ƙungiya yaji. Kamfani ɗaya, sana'a ɗaya, amma ƙasar da aka kafa kyamara ita ta yanke hukunci.

Haraji ba zan daɗe a kansa ba, illa in ce ƙa'idar da yawancin ƙasashe ke bi ita ce, mai wasa da mawaƙi da ɗan ƙwallo suna biya a ƙasar da suka yi wasan, ko da kwana kaɗan suka yi. Birtaniya tana cire kashi 20 cikin ɗari tun daga tushe, Amurka kuma tana bin ɗanta da haraji duk inda ya samo kuɗi a duniya, don haka wanda ya yi aiki a ƙasa huɗu cikin shekara guda, in ba shi da akawun da ya san yarjejeniyoyin da ke tsakanin ƙasashe, sai ya biya sau biyu a kan lada ɗaya.

To, an sami izini, an sa hannu, an sauka lokeshan. Mai kallo yana ganin labari a jere, kashi na ɗaya sa'an nan na biyu, amma ba haka ake ɗaukarsa ba. A Game of Thrones tawaga biyu ke aiki lokaci guda, ɗaya ana ce mata Dragon, ɗaya Wolf, wata tana Belfast wata tana Kuroshiya ko Iceland, kuma duk fitowar da ta shafi wuri guda a zangon nan tare ake ɗauke ta, ko ta farkon labari ce ko ta ƙarshe. Saboda haka jaruma takan yi kukan rabuwa da safe, da la'asar kuma a ɗauki ranar da suka fara saduwa da wanda ta rabu da shi, kuma wajibinta ne ta riƙe a ƙwaƙwalwarta inda zuciyar wadda take kwaikwayo ta kai a kowace fitowa. Har ma ya kasance manyan jaruman shirin biyu, Emilia Clarke da Kit Harington, ba su haɗu a fitowa guda ba sai a zango na bakwai, domin ita tana ƙasashen zafi, shi yana cikin ƙanƙara. Kowane dare akan turo wa ɗan wasa takardar jadawalin gobe, mai faɗin ƙarfe nawa mota za ta zo, ƙarfe nawa zai zauna gaban masu kwalliya, wace fitowa za a ɗauka. Mafi yawan yininsa kuwa jira ne, jiran a daidaita fitilu, jiran hadari ya wuce, sa'an nan a kira shi a ce cikin minti kaɗan ya fito da duk abin da ke ransa. Wanda bai iya haƙurin jira ba, komai baiwarsa, wannan aiki zai gajiyar da shi.

Yanayin ƙasa kuma ba ya sassauta wa kowa saboda sunansa. A Iceland, cikin hunturu, hasken rana bai fi sa'a huɗu zuwa biyar ba, don haka a cikin duhu ake hawa kan ƙanƙara a shirya komai, a yi ta sauri kafin rana ta faɗi. A zango na ƙarshe, domin yaƙi guda ɗaya da darakta Miguel Sapochnik ya ɗauka, sai da aka kwashe dare 55 ana aiki a fili cikin sanyi da ruwa da taɓon Ireland ta Arewa, mutane suna kwana da rana suna tashi da magariba. Wannan ne ya sa kamfani ba ya ɗaukar babban jarumi sai likita ya duba shi an yi masa inshora, domin in ya kwanta ciwo ɗaruruwan ma'aikata ne za su zauna ana biyansu ba aiki. Kit Harington ya karya idon sawu a 2012 gab da fara zango na uku, dole aka sake jadawali, aka kuma sa wani ya tsaya a madadinsa a wasu fitowar.

Amma labarin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na Emilia Clarke. A watan Fabrairun 2011, bayan an gama zango na farko, tana da shekara 24, jijiyar jini ta fashe mata a ƙwaƙwalwa a Landan, aka yi mata aiki, har ta yi kwanaki ba ta iya faɗin sunanta. Bayan 'yan watanni ta koma bakin aiki, kuma ita da kanta ta ba da labari a 2019 cewa a ranarta ta farko a Dubrovnik da ƙyar ta kai masauki kafin gajiya ta kayar da ita, tana aiki tana tsoron mutuwa, tana kuma ɓoye halin da take ciki ga mafi yawan abokan aikinta. A 2013 aka sake yi mata wani aikin. Ku dubi wannan hali, jama'a: yarinya mai ciwo, nesa da iyayenta da likitanta, tana tsaye cikin rana tana kwaikwayon sarauniya da harshen da babu al'ummar da ke magana da shi. Ina ganin duk wanda ya ji wannan zai rage gaggawar yi wa mai sana'a hassada a kan abin da ya hango daga nesa. Daga baya ta kafa gidauniya mai suna SameYou domin taimakon masu jinyar raunin ƙwaƙwalwa.

Na ambaci harshe. Wani masanin harsuna, David Peterson, shi ya ƙirƙiro harshen Dothraki domin shirin, yakan naɗi kowace jimla da muryarsa a aika wa 'yan wasa su yi ta maimaitawa har ta zauna. Dinklage, mutumin New Jersey, da karin harshen Ingila ya yi wasansa shekara takwas. Larabawa kuwa Allah ya hutar da su daga rabin wannan wahala a shirye-shiryensu na tarihi. Shirin Umar, wanda tashar MBC da talabijin na Ƙatar suka nuna a Ramadanan 2012, darakta Hatem Ali ɗan Siriya ya ɗauki mafi yawansa a Maroko, da 'yan wasa daga Siriya da Tunisiya da Maroko da wasu ƙasashe, waɗanda in kowa ya yi karin garinsu da wuya su fahimci juna sosai, amma Larabcin fusaha ya haɗa su a gaban kyamara. Malamai sun yi saɓani mai ƙarfi a kan halaccin kwaikwayon Sahabbai, kuma wannan ba fagen warware shi ba ne. Na kawo shi ne domin a ga cewa aikin nan na baƙunci ba na Turawa kaɗai ba ne. Shi kansa Hatem Ali a Alƙahira ajali ya same shi a Disamban 2020, nesa da gida, Allah ya jiƙansa.

Tun da mun zo nan, akwai wata mas'ala da Musulmin da ya tafi irin wannan aiki yakan yi kuskure a kanta, watau ya ɗauka muddin yana ƙasar waje shi matafiyi ne, yana da sauƙin ƙasaru da ajiye azumi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa ya kuma yi azuminsa. Wanda zai yi wata uku a otal guda kuwa babu maganar ƙasaru gare shi sai ranar da ya kama hanya. Don haka lokacin salla, da abincin halal, da yadda jadawali zai kasance in Ramadan ya riske shi a can, da irin fitowar da ba zai yarda ya yi ba, duka abubuwa ne da ake faɗa a rubuta kafin a sa hannu, domin ranar ɗauka, mutum ɗari biyu na jira, ba ranar jayayya ba ce.

Kewar gida kuwa babu yarjejeniyar da ke maganinta. Wasu sukan kama gida su ɗauko iyali, wasu su yi ta zirga-zirga a jirgi duk ƙarshen mako, wasu kuma su mai da abokan aiki dangi, kamar yadda Kit Harington da Rose Leslie, waɗanda suka yi aiki tare a Iceland, suka yi aure a 2018. Yara su ne abin tausayi: Sophie Turner da Maisie Williams ba su kai shekara 15 ba aka fara ɗaukar shirin, kuma dokar Birtaniya ta wajabta wa yaro mai wasa lasisi daga hukuma, da mai kula da shi, da ƙayyadaddun sa'o'in aiki, da malamin da zai koyar da shi in aikin ya hana shi makaranta. Doka ce mai kyau, ina kuma fata masu shirya fim a ko'ina su yi koyi da ita.

Saura haƙƙin masu gari, wanda baƙo yakan manta. A 2010, lokacin da ake ɗaukar wata fitowa a gaɓar Dwejra ta tsibirin Gozo a Malta, an zuba niƙaƙƙen dutse a kan wurin da doka ta kare domin ya yi kama da rairayi, kwashe shi kuma ya yi wa wurin lahani, har jama'ar ƙasar suka yi ta ƙorafi. Dubrovnik ta sami kuɗi mai yawa daga masu zuwa ganin inda aka yi shirin, amma cunkoso ya kai hukumar birnin ta taƙaita yawan jiragen ruwan da ke sauke baƙi a rana, a Ireland ta Arewa kuma sai da aka hana motoci bin wata hanya mai tsofaffin itatuwa a 2017 domin kada su mutu. A gefe guda, shekarun da aka yi ana aiki a Belfast sun bar wa garin kafintoci da teloli da maƙera da masu fitilu da suka ƙware, har wasu kamfanoni suka biyo baya. A ra'ayina, ma'aunin nagartar jarumi a ƙasar baƙunci shi ne yadda ya bi da direban da ke ɗauko shi kafin asuba, da mutanen gari da aka tara su cika fage suna tsaye cikin rana a kan lada kaɗan, domin su ne za su zauna da abin da aka bari bayan an naɗe kaya an tafi.

Wannan magana ta fara zuwa ƙofar gidanmu. A 2024 kamfanin Netflix ya fitar da shirin Postcards na Hamisha Daryani Ahuja, wanda aka ɗauki babban sashensa a Mumbai ta Indiya da 'yan wasan Nijeriya, cikinsu har da Rahama Sadau, tare da Sola Sobowale da Richard Mofe-Damijo, kuma da alama irin wannan gayyata za ta ƙaru. Saboda haka kirana ga matasanmu masu wannan sana'a, maza da mata, da iyayen da za su yi musu izini: in aka kira ku aiki wata ƙasa, kada zumuɗin hawa jirgi ya sa ku tafi a kan alkawarin baka. Ku nemi a rubuta lada da ranar biya, da masauki, da tikitin dawowa, da wanda zai ɗauki nauyin asibiti. Ku kai takardar wurin lauya ya karanta muku. Ku tabbata bizar da ke hannunku ta aiki ce. Fasfo ɗinku kuma kada ya kwana a hannun kowa sai naku. Shugabannin ƙungiyoyin masu shirya fim su ma ina roƙonsu su tsara yarjejeniya guda da 'ya'yansu za su riƙa fita da ita, tun kafin a kira su a kan wanda ya maƙale a wata ƙasa.